Damunar da Jita Ta Riga Mai Ita Gida

Bana ma sama ta yi mana rowa. Kogi ya cika ya yi ja wur, yana ta kwaso itace da kumfa daga ƙasar Habasha, mu kuwa a nan kan tudu ko ɗigo ba mu gani ba. Wanda bai zauna bakin kogin nan namu ba ba zai gane wannan takaici ba, ruwan wasu yana wucewa ta gabanka, gonarka tana tsagewa a bayanka. Jikokina suna ta latsa waya suna ce mini ta ce jibi za a yi ruwa. Na ce to, Allah ya sa wayar ta fi masu ita gaskiya. Ni dai duk shekarar da kogi ya cika sama ta bushe sai gabana ya riƙa faɗuwa, don kuwa haka aka yi a shekarar da Yaya Sale ya sassaƙa jita.

Yaya Sale mijina ne, kuma ɗan goggona. Taubasai muke, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba, shi ya sa har na tsufa bakina bai koyi sakaya sunansa ba yadda matan kirki ke yi. A lokacin ina da cikin fari. Mu uku ne a gidan, ni da shi da Goggo mahaifiyarsa, a wani ɗan ƙauye kudu da Mai Wurno wanda ko direbobin lori sai an yi musu kwatance.

Damunar da ta gabata ba ta yi ba. Dawa ta kai gwiwa ta tsaya, ta ƙone a tsaye. Ramin da muke binne hatsi a ciki, wanda mutanen nan ke kira matmura, tun kafin zafi ya kankama muka ga gindinsa. Iri kaɗai ya rage. Goggo ta zuba shi a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce duk wanda ya taɓa shi ba ta yafe ba duniya da lahira.

Yadda muke wuni kuwa ba wani abu ba ne mai yawa. Da sassafe in je kogi in ɗebo ruwa kafin ƙasa ta fara cin tafin ƙafa. Daga nan mu fita da matan unguwa, masu tsintar aduwa na yi, masu tonon gidan tururuwa na yi, don tururuwa ta fi mu tanadi a shekarar. Abin da muka samo a sheƙe, a niƙa, a haɗa da ɗan garin da aka samu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya. Kisrar da nake yi, wato wainar garin dawa mai faɗi, har kana hango baƙin kasko ta cikinta, miyar kuma busasshiyar kuɓewa ce da gishiri, ba mai ba nama. Da hantsi wata iska ke tasowa mai zafi kamar an buɗe maka murhu a fuska, jakuna su jingina da bango su sunkuyar da kai. Da la'asar gajimare ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, a ji rugugi can nesa, kowa ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Kafin magariba ya watse. An yi roƙon ruwa har muryar liman ta dushe.

Maza kuwa sun fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce za shi Sinnar, wancan ya ce Madani, wani ya ce Khartum. Tafiyar ba ita ce abin tsoro ba, dawowar ce. Mijin maƙwabciyata ya ce kwana kaɗan zai yi, har ta yaye ɗanta ba a ji ɗuriyarsa ba. Wani an ce ya yi aure can, wani an ce an gan shi yana dako a kasuwa, wani ko an ce ɗin ma babu. Yanzu yaro yana ramin haƙar zinariya a arewa zai kira uwarsa ya tambaye ta me ta dafa. Mu a lokacin wanda ya hau lori ya shiga hannun Allah ne kawai. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ban taɓa ɓoye shi ba: kada Yaya Sale ya fita ya bar ni da ciki da tsohuwa, ya shiga sahun waɗanda ake cewa an ce.

Wata safiya sai ga shi ya shigo da wani katako a ka, baƙi, mai nauyi, wanda ya ɓalle daga jikin wani mataccen jirgin ruwa da ya daɗe a kife bakin kogi. Ya jefar da shi ƙarƙashin rumfa yana haki.

Na ce, "Ƙohwa za ka yi muna? Mi ag gare mu da ɓarawo zai so?"

Ya ce, "Jita za ni yi, Hawwa. Mai kahraba."

"Kahraba? Wutar lantarki a garin da hitilar ƙwai ma ta rasa kananzir?"

Bai yi dariya ba. Kafin aurenmu ya taɓa yin rani guda a Madani yana ɗaukar kaya wa masu kiɗan biki, waɗanda ake kira 'yan jaz, a nan ya koyi taɓa jita a ta mutane. Shugabansu ya ce masa duk ranar da ya zo da tasa, akwai wurinsa. Saye kuwa, ko an sayar da mu duka ukun ba mu kai ba.

Ya ce, "'Yan jaz ba su san yunwa ba. Ko duniya na tashi sai an yi aure a Madani. In na gama ta in tahi in yi damana guda, in dawo muku da dawa. Halas."

Nan take na gane abin da aka kawo mini gida. Ranar da katakon nan ya yi magana, ranar mijina zai tafi.

Goggo ba ta ɗauki abin da sauƙi ba. Ita jikar waɗanda suka yi hijira ce, ba ta gajiya da faɗa. Ta tsaya kansa da carbinta ta ce, "Kakana ya tako tun daga Sakkwato da Alƙur'ani bisa kai, kai kuma za ka tahi Madani da gurmin nasara a wuya. Madalla da wanga ci gaba." Na zaci za ta hana, har na fara murna a raina. Amma daga nan sai ta koma ɗaki. Yunwa ba ta san asali ba.

Ya fara da gangar jikin. Ya zana siffar da gawayi, wata aba mai ƙugu da ƙahonni biyu, na ce masa wannan ai kan sa ne ba kayan kiɗa ba. Itacen bagaruwa ne da ya sha ruwa ya sha rana, gizago na sauka a kansa yana tsalle. Ya yi sara kaɗan ya zauna ya huta, don cikin da ba komai ba ya ɗaga hannu da yawa. Da siffar ta fito sai ya bi ta da fasasshiyar kwalba yana kankara har ta yi santsi. Wuyan kuwa, gefen gadonmu ya zare, ya tokare gadon da tubali. Tun daga ranar, in na juya sai gadon ya yi ƙara, ni kuma in tuna.

Sai ƙarafan da ake jerawa a kan wuya, inda yatsu ke dannawa. Ya samo su daga ƙafar wani tsohon keke, ya yayyanka, ya auna tazararsu da zare yadda ya tuna, ya kafa. Igiyoyin kuma wayar birki ce ya warware sili-sili, ya ɗaura su a kan kusoshi masu murɗawa. Da ya ja su suka yi tauri, sai wuyan ya lanƙwashe kamar baka. Ya kwance, ya fafe bayan wuyan, ya kwantar da sandar ƙarfe a ciki. Da wannan ya gyaru ya taɓa, sai ya ji sautin na hawa ba daidai ba, ashe awon nasa ne ya kuskure. Ya ciccire ƙarafan nan duka ya sake daga farko, yana taɓawa yana kasa kunne yana matsarwa. Ni kuwa ina gefe ina tankaɗe, duk kuskuren da ya yi sai in ji sanyi a raina, don kwana ne aka ƙara mini.

A hakan ma in ya kaɗa sai ka kai kunne kusa za ka ji, wani ɗan siririn sauti kamar kukan sauro. Na ce masa ai shi ke nan, ya je Madani ya yi wa sauraye biki. Ya ce saura zuciyarta. Zuciyar nan wani ɗan guntun abu ne da ake sawa ƙarƙashin igiyoyi, shi ke ɗaukar motsinsu ya kai wa lasifika. Ana yin sa da maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da za a naɗa a kansa, a yi ta naɗawa har sai ya yi kauri. Maganaɗisun ya ciro daga matacciyar rediyo. Wayar kuma wani makanike ya ba shi daga cikin kayan wutar wata lori da ta ƙone, siririya ce ƙwarai, gashin kaina ya fi ta kauri.

A nan aiki ya tsaya. Hannun Yaya Sale hannun fartanya ne, ga kuma rawar da yunwa ta sa masa. Ya naɗa ya naɗa, sai ta tsinke. Ya warware ya sake, ta sake tsinkewa. In ta tsinke a tsakiya kuwa, abin da aka naɗa ya tashi a banza. Tarin wayar ya yi ta raguwa har ya zama saura na gwaji ɗaya. Ya ajiye, ya zauna ya zuba wa katakon ido. Bai roƙe ni ba, ko da yake ya san tun ina ƙarama nake kaɗi, kuma duk unguwar ba mai fitar da zare siriri kamar nawa. Ni ma na yi kamar ban gane ba.

Goggo ce ta kira ni ɗakinta da hantsi. Na tarar ta jawo tulun irin nan daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabanta, lakar bakinsa tana nan ba a fasa ba.

Ta ce, "Ɗiyata, kin san sau nawa na jawo shi yau?"

Ta dafa bakin tulun, ta ci gaba.

"Ni da na yi rantsuwa bisa shi, ni ce nike jawo shi. In yaron ga bai tahi ba, irin ga za mu ci. In munka ci shi kuwa, ko sama ta tsage da ruwa mun mutu. Je ki naɗa mishi abin nan."

Na ce, "Goggo, in ya tahi bai dawo ba hwa?"

Ta ce, "Ni na haihe shi. Kina zaton ban yi wanga tunani ba?"

Washegari da sassafe, lokacin da hannu bai fara gumi ba, na ɗauko mazarina. Na sa ya ɗaure mini guntun abin a kan sandar mazarin, na shafa alli a yatsu yadda ake yi in za a yi kaɗi, na kafa gindin mazarin a cikin ƙoƙo na murza. Wayar ta fara bi ta tsakanin yatsuna, ba na ma ganinta sosai, jin ta kawai nake yi. Shi yana riƙe da ƙullin yana sakar mini a hankali, ko numfashin kirki ba ya yi. In rana ta ɗaga mu ajiye mu rufe da ƙwarya, sai wata safiyar. Duk tsawon aikin nan na san abu ɗaya: in na ɗan matsa farce kaɗan, shi ke nan, kuma ba wanda zai ce da gangan ne. Ban matsa ba. Ba kirki ne ya hana ni ba, tulun Goggo ne. Da wayar ta ƙare ya narka kakin zuma ya zuba a kai don kada ta motsa, ya dube ni ya ce, "Hannunki ya hi bakinki amfani." Na ce ai shi ko ɗaya ba shi da.

A bakin kogi akwai lambun wani attajiri mai injin ban ruwa, a nan kaɗai ake da batir a duk yankin, mai gadin kuma yana da rikoda. Can muka kai jitar bayan azahar, a naɗe cikin buhu. Suka yi ta haɗa wayoyi suna warwarewa. Da farko wani gurnani kawai ke fita. Yaya Sale ya juya wata waya, ya goge hannu a riga, ya ɗora yatsa a kan igiya ya ja.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙara ce mai kauri mai tsawo, ta fito daga 'yar rikodar nan ta bi kan ruwa, tsuntsayen da ke tsallaken kogi suka tashi gaba ɗaya. Mai gadi ya ja da baya yana salati. Abin da ke cikina ya motsa. Yaya Sale ya ci gaba, yatsunsa na gudu a kan wuyan gadonmu, yana dariya, rabon da in ga haƙoransa tun kafin matmura ta ƙare. Daɗin kiɗan bai hana ni jin abin da nake ji ba. Na zauna a kan bututun injin na yi kuka, su kuma suka ɗauka na murna ne.

Bai ƙara kwana da yawa ba. Da safe lori ta tsaya a bakin hanya, ya durƙusa Goggo ta dafa kansa, ya rataya buhun a kafaɗa. Ya ce mini kafin dawa ta fitar da kai yana nan. Na so in tsokane shi ko don mu rabu yadda muka saba, bakina ya ƙi buɗuwa. Na tsaya har lorin ta zama ɗigo.

Kamar tafiyarsa sama take jira. Ba a jima ba wata la'asar gajimaren nan ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Iska ta juya ta yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa, sannan aka kece. Baƙar ƙasarmu da ta tsattsage har ƙafar yaro na shigewa ta sha ta kumbura ta rufe bakinta. Goggo ta fasa lakar tulu da hannunta tana bismilla. Mata muka yi shukar shekarar, gayya muke yi gona bayan gona, mai sungumi a gaba, mai zuba iri a baya, tsofaffin maza na nuna mana iyaka da sanda. Ni da cikina nake bin layi ina rufe rami da diddige.

Amma wanda ya san ƙasar nan ya san ruwan da ya buɗe gona shi ke rufe hanya. Laka ce mai danƙo, tana haɗiye tayar lori har gindi, a bar mota a wurin sai kaka. Ba mai shigowa, ba mai fita, ba labari. Yunwar damuna kuma ta fi ta rani ciwo, don kana ganin kore ko'ina amma ba abin sawa a baki sai tafasa. Tafasa da safe, tafasa da yamma, har fatar mutum ta fara warinta. Sauro ya zo da zazzaɓi. Muka yi noman fari muna jiri. Kullum in na ɗaga kai daga fartanya, hanya nake dubawa.

Wata rana da azahar mun dawo daga gona, na hango wani baƙo tsaye a ƙofar gidanmu, laka har gwiwa, da buhu a hannu. Tun daga nesa na gane siffar abin da ke cikin buhun, ƙugun nan da ƙahonni biyu. A al'adarmu, wanda ya rasu a baƙon wuri kayansa ake fara kawowa gida, su za su yi maganar kafin baki ya yi.

Balarabe ne, yaron mota, lorinsu ta maƙale a laka ya ƙaraso da ƙafa. Da Larabci ya yi mana bayani, kansa a sunkuye. Ya ce ɗaki ɗaya suke kwana da Yaya Sale a Madani, kuma 'yan jaz sun karɓe shi, har ya yi biki da su. Sai amai da gudawa suka shiga unguwar, suka kama Yaya Sale. Ranar da za a ɗauke shi zuwa asibiti ya miƙa masa jitar ya ce, ka kai wa matata, ita ta naɗa ta. Ya ce da ya bi shi can, ya tarar ba ya gane mutane. Da ya sake komawa, wani ne kwance a gadon. Ya tambaya, aka ce masa duk waɗanda ke wannan layin an fitar da su.

Goggo ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta karɓi buhun da hannu biyu.

Na ce ban yarda ba, an fitar da su ai ba yana nufin kabari ba. Liman ma bai yi saurin yarda ba. Amma ga kaya an kawo, ga shaida, ga annobar da kowa ya ji labarinta. Aka jira, ba wani labari da ya biyo baya. Daga ƙarshe liman ya tara tsofaffin da suka rage aka yi masa sallar da ake yi wa wanda ya rasu a nesa. Goggo ta rarraba tufafinsa sadaka. Aka kawo mini farin ƙyalle mara ado na ɗaura, aka kwance mini kitso, na shiga takaba. Ba kwalli, ba turare, ba fita, sai tabarma da bango. Maƙwabta suka karɓi maimai a gonarmu.

Jitar tana jingine a kusurwar ɗakin. In aka yi tsawa da rana, ƙasa ta girgiza, sai igiyoyinta su ɗauki wani ɗan amo su kaɗai, ba wanda ya taɓa su. Na roƙi Goggo ta fitar da ita, ta ce ita ma ba ta iya taɓa ta. Haka muka zauna da ita mu biyu, kowa na kewaye kusurwar. Abin da na ji tsoro ya riga ya faru, amma tsoron bai tafi ba, sai ma ya samu wurin zama.

Dawa ta fitar da kai, ruwa ya fara ja da baya. Wata safiya da hantsi ina zaune a tabarmata sai na ji gudu a waje, mata na kiran 'ya'yansu, ana rufe ƙofofi. Wata murya ta ce, "Ba'ati!" A ƙasar nan haka ake kiran mamacin da ya tashi daga kabari ya komo gida. An ce yakan dawo a rame, yana magana ta hanci, kuma duk gidan da ya shiga sai ya tafi da wani. Tun muna yara ake ba mu labarinsa, kuma Larabawan maƙwabta sun daɗe suna cewa a cikinmu ake samunsa. Ba a barinsa ya shiga gari, korarsa ake yi da jifa har ya faɗa daji ko kogi.

Na leƙa ta tsagar zana. Ga mutum tsaye a tsakiyar hanya, daidai ƙofarmu. An aske kansa ƙwal, idanun sun faɗa, wuyan kamar sillen kara. Rigar jikinsa ba tasa ba ce, laka ta bushe masa har cinya. Tsofaffin garin sun yi masa da'ira daga nesa, wasu da sanduna, wasu da hoge a hannu, liman na karanta abin da ya sawwaƙa. Goggo tana bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi.

Ya ce, "Inna, ni na." Muryar a shaƙe take, ta hanci take fita.

Goggo ta ce, ba ta buɗe fuskar ba, "Ɗana ya rasu, mun yi mishi salla. Don girman Allah koma inda ka hito. Akwai mai ciki gidan ga."

Wani ya sake hoge, ya fashe a kafaɗarsa. Ya yi tangaɗi bai faɗi ba, bai kuma kare kansa ba. Ya juya kai yana duban mutanen da ya tashi a gabansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fara ja da baya, ta wajen kogi. Daga baya ne muka ji cewa wani ɗaki aka mayar da su a asibitin, ya yi ta jinya, da ya iya tsayuwa ya kamo hanya da ƙafa cikin laka. A lokacin ba wanda ya san wannan. Abin da na sani shi ne, in ya kai bakin ruwan nan da jifa a bayansa, ko mene ne shi, ba zan sake ganinsa ba.

Mai takaba ba ta fita, ba ta kuma tsayawa gaban maza. Na ture zanar na fita da farin ƙyallena, ba takalmi. Goggo ta kamo gefen zanena na fizge. Kada wani ya ce jarumta ce, don ni ma na yarda da ba'ati kamar kowa, kuma kowane taku ji nake kamar ƙasa za ta buɗe. Na tsaya a gabansa. Ya dube ni, ya dubi farin da ke jikina, bai ce komai ba. Wannan ya fi komai firgita ni, don Yaya Salen da na sani ba zai gan ni cikin wannan shiga ya rasa abin faɗa ba. Wari yake yi na ciwo da laka. Na rufe ido na miƙa hannu na cafki wuyan hannunsa, ina jiran in ji sanyin kabari.

Zafi na ji. Zafi rau, kamar na dafa murfin tukunya, jijiyar na bugawa da sauri a ƙarƙashin yatsuna.

Na juya na ce, "Goggo, matacce ba shi zazzaɓi. Kawo ruwa."

Ba wanda ya motsa da farko. Sai na ji hoge na faɗuwa ƙasa daga hannun mutane. Goggo ta tako a hankali, ta sauke mayafin, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, sai ta zube a gabansa tana kiran sunansa. Shi ma a nan ƙarfinsa ya ƙare, tsofaffin da suka zo korarsa su suka ɗauke shi zuwa ɗaki.

Ni dai ban saki hannun ba. Aka shimfiɗa shi, aka jiƙa tsumma, aka aika neman sassaƙe, mata suka cika tsakar gida kowa na addu'ar Allah ya saukar masa da zazzaɓin nan. Ina zaune a gefensa da farin takabarsa a jikina, zafin na ƙona mini tafin hannu, ni kaɗai a gidan nake roƙon Allah kada jikin nan ya huce.